Amsa ga mai tambaya kan fim ɗin The Lighthouse

Ɗan'uwa, ka ce fim ɗin ya sa ka dariya kuma ya hana ka barci, har kana tambaya ko kai ne ba ka fahimce shi ba. Wallahi ka fahimce shi sarai, haka darakta Robert Eggers ya gina shi a 2019.

Mutum biyu ne kawai, tsoho (Willem Dafoe) da saurayi (Robert Pattinson), masu gadin hasumiyar fitilar jiragen ruwa a wani tsibiri da ke gaɓar Amurka, wajejen 1890. Guguwa ta hana jirgin da zai ɗauke su zuwa. Hoton baƙi da fari ne, an kuma matse shi ya kusa zama murabba'i, sai ka ji kai ma ɗakin ya yi maka kaɗan. Ga ƙarar ƙahon gargaɗi da ba ta tsayawa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda saurayin ya kushe girkin tsohon. Tsohon ya miƙe, ido a zare, ya yi ta zuba masa tsinuwa ba numfashi, duk a kan abinci! Na yi dariya, amma tsigar jikina na tashi, don a nan na gane kaɗaici ya riga ya taɓa musu hankali.

Tunda kana neman irinsa, nemi The Shining na Stanley Kubrick, 1980. Jack Nicholson ne mai gadin otal, ƙanƙara ta rufe shi da matarsa da ɗansa. Shi dai kada ka kalla da yara a kusa.