Garantin gyaran AC: abin da takarda take biya da abin da take gudu

"Maigida, wani kwastoma ya ce ɗan'uwansa da ke Amurka yana biyan wani kamfani kuɗi duk shekara, in AC ɗin gidansa ya lalace su zo su gyara. Shi kwastoman ma, shagon da ya sayi nasa AC sun yi masa tayin ƙarin garanti na shekara biyu. Ya tambaye ni ko ya biya, na rasa ta cewa. Me zan gaya masa?"

Ka kyauta da ba ka yi gaggawar ba shi amsa ba, ɗana. Abu uku ya cakuɗa, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na Amurka tukuna, don mu sallame shi. Yarjejeniya ce ta shekara guda da ke haɗa AC da firji da tukunyar ruwan zafi da wayoyin gida. Mutum yana biyan ɗaruruwan daloli a shekara, sannan duk zuwan mai gyara ya sake biyan kamar dala 75 zuwa 125. Kamfani ne ke zaɓen mai gyaran, akwai iyakar kuɗin da ba za su wuce ba, kuma in suka ce matsalar ta riga yarjejeniyar ko ba a yi wa na'urar sabis ba, sun zame. Su can yawanci babbar na'ura ɗaya ce ke sanyaya gida duka, sauya ta dubban daloli ne, kuɗin aikin hannu ma da tsada. Mai tsohuwar na'ura yana iya cin riba. Mu nan ƙananan na'urori muke ɗaurawa ɗaki-ɗaki, kuma kaya ne ke cin kuɗi fiye da aikin hannu, don haka lissafinsu ba namu ba ne.

Na biyu shi ne garantin kamfanin da ya ƙera na'urar, wanda ke cikin kwali kyauta. Yawanci shekara ɗaya ne a kan na'urar duka, kwamfireso kuma, wato injin da ke matsa gas, a ba shi fiye da haka, shekara 5, wasu masu inbata, waɗanda kwamfiresonsu ke ƙara gudu da rage shi gwargwadon buƙata, har 10. Wannan yana da daraja ƙwarai, tunda kwamfireso ne mafi tsada a jikinta. Amma ka lura, laifin ƙira kaɗai yake biya, kuma bayan shekarar farko sau da yawa kayan za su ba ka, gas da walda da kuɗin aiki na mai gida ne. Nan kai ma kana da haƙƙi a wuyanka. Duk na'urar da ka ga sabuwa ce, kafin ka kwance ko da noti ɗaya ka nemi rasit ka duba kwanan wata. In tana cikin garanti, kada ka yanke bututu, kada ka yi walda, kada ka taɓa allon lantarki. Ka auna, ka rubuta abin da ka gani, ka ce a kira wakilan kamfani. Mai gyara da yawa ya jawo wa mutum asarar kwamfireso na kyauta saboda kuɗin aikin yini ɗaya.

Na uku shi ne ƙarin garantin da shago ya yi masa tayi. Yanzu ka tsaya ka ƙirga abubuwan da ake kiranmu a kansu, a nan amsar take.

Kafasita ce kan gaba, 'yar gwangwanin nan da ke taimaka wa kwamfireso ya tashi. Za ka ji na'urar waje tana gurnani, fanka na juyi, kwamfireso ya yunƙura ya kasa tashi, sai ya yanke. Ka kashe wuta, ka sauke cajin da ke cikinta kafin ka sa hannu, sannan ka auna. In an rubuta 35 a jikinta da rangwamen kashi 5 cikin ɗari, mita kuma ta nuna ƙasa da 33, ko ka ga kanta ya kumbura, ka sauya da mai lamba ɗaya. Aikin minti ashirin ne, kuɗinsa kaɗan. Ba wanda zai biya kuɗin shekara biyu don wannan ya ce ya ci riba.

Sai yoyon gas. Ka riƙe wannan da kyau: AC ba ya shan gas yadda mota ke shan mai. In ya ragu, ta wani wuri ya fita, kuma galibi ta bakin bututun da aka buɗa aka ɗaure da noti ranar ɗaurawa. Alamarsa ƙanƙara a kan siririn bututu da maiƙo a wurin haɗi. Kumfar sabulu za ta nuna maka. Gyaran gaskiya shi ne a sake bakin, a gwada da naitirojin, a zuƙe iska da inji aƙalla minti 20 zuwa 30, a zuba gas bisa sikeli daidai da giram ɗin da ke rubuce a jikin na'urar waje. Geji kuma ka san wane gas kake karantawa: R22 yana zama wajen psi 60 zuwa 70 a ɓangaren zuƙa, R410A kusan ninkinsa. Kamfani zai ce wannan laifin mai ɗaurawa ne, kuma da gaskiyarsa.

Wuta ita ce babbar mai kisa. Na'urar an yi ta don bolt 220 zuwa 240. In wuta ta sauko 170 da magariba, kwamfireso zai ja amfiya fiye da ƙima, wayar cikinsa ta yi ta gasuwa har ta ƙone. In an ɗauke aka dawo da ita nan take, ko aka juya zuwa janareta, yana tashi ne matsin gas bai daidaita ba, shi ya sa ake so ya huta minti 3. Masu inbata kuwa allonsu ne ke tafiya in wuta ta zo da ƙarfi ko aka yi tsawa. Ka buɗe takardar garanti ka karanta ƙananan rubutun ƙasa, da wuya ka rasa layin da ya cire lalacewar da wuta ta jawo.

Ƙurar hunturu ma haka. Ta toshe na'urar waje, zafin Afrilu ya haura digiri 40, matsi ya hau, kwamfireso ya galabaita. A takarda sunan wannan sakaci.

To ka gani, uku daga cikin huɗun nan takarda ba ta biya, na huɗun kuma, wato kafasita, bai kai a saya masa takarda ba. Don haka in na'urar kwastoman nan gama-gari ce marar inbata, mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi, ka ce ya bar ƙarin garantin. In mai inbata ce, sai a duba, domin allonta da tsada kuma na wannan kamfani ba ya shiga na wancan. Ko a nan ma kada ya biya sai takardar ta ambaci allon da sunansa, ta ce kuɗin aiki da gas suna ciki, ta faɗi kwana nawa za su yi kafin su zo, kuma suna da wurin gyara a garin da yake. Gyaran da zai zo bayan mako uku a tsakiyar bazara bai amfani mai jariri a ɗaki ba. Ya kuma duba kada a sake sayar masa da garantin kwamfireson da yake da shi tun a kwali.

Kuɗin ya fi amfani a wani wurin. Sitabilaiza mai VA 2000 ga doki ɗaya, 3000 ga ɗaya da rabi, 5000 ga doki biyu, mai jinkirin minti 3. Waya ta jan ƙarfe mai kauri 2.5, doki biyu kuma 4, da layinta daban tun daga akwatin wuta. Ragar tace ƙura ya wanke da kansa duk mako biyu a hunturu. Mu kuma mu wanke ciki da waje da magudanar ruwa sau biyu a shekara, ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya sauka da bayan damina. Duk sabis ka rubuta masa kwanan wata da bolt da amfiya da matsin gas a kati ya ajiye tare da rasit, domin ran da kwamfireso ya mutu, katin nan ne zai hana a ce masa sakaci ne. Mai ofis ko asibiti da ke da na'ura goma zuwa sama, shi yarjejeniyar sabis ta shekara ta dace da shi, tunda zuwa yake saya a kan lokaci.

Gobe ka koma wurinsa bayan magariba da mitarka, ka auna wutar soket ɗin na'urar tana aiki, ka ce ya fito maka da takardar tayin ka kawo mu karanta tare.