Me Ya Sa Tumatirin Da Aka Cunkusa Yake Yin Tsawo Ba 'Ya'ya?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tumatirinka yake miƙewa siriri, ya yi tsawo, amma ya ƙi yin 'ya'ya sosai, alhali ba ka rage shi da taki ko ruwa ba. A ganina, cunkoso ne ya jawo. Tumatir yana da wasu sinadarai masu gane haske da ake kira fitokurom, iri 5 ne a jikinsa, kuma aikinsu shi ne auna jan haske iri biyu: mai tsawon zango kusan nanomita 660 (nanomita ɗan mitsitsin ma'auni ne da ake bambance launukan haske da shi) da wani mai kusan 730, wanda da kyar idon mutum yake ganinsa. Ganye yana shanye na farko, ya bar na biyu ya ratsa, don haka shukar da ke ƙarƙashin inuwar 'yar'uwarta takan gane an tsare mata rana, sai ta mayar da ƙarfinta wajen tsawaita kara, abincin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya ya ragu. Waɗannan sinadarai suna cikin ɗan tumatirin kansa, suna taimaka masa ya yi ja idan zai nuna, kodayake zafin da ya haura digiri 30 yana hana jan fitowa sosai. Ka tsinke yayyafi tun yana ƙarami, ka ba da tazara wajen dashe, sannan ka riƙa cire rassan da suka cunkushe.