Kaji na mutuwa a bayan gida: likitan dabbobi na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina da kaji kusan talatin. Tun shigowar hunturu suka fara koren zawo, suna gyangyaɗi, wasu wuyansu ya murɗe. Cikin kwana huɗu tara sun mutu. Maƙwabta sun ce fakat ce, in jiƙa musu barkono da maɗaci. Daga wata uwargida a Kumo.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Abin da kika zayyano ya yi kama da fakat ƙwarai, kuma yanzu ne lokacinta. Amma abin da ke hana ni barci shi ne, murar tsuntsaye ma haka take zuwa: zawo, kumburin fuska, tukku ya yi shuɗi, kaza ta kwana lafiya ta wayi gari a mace. Ko ni da na feɗe gawar kaza na ga ɗigo-ɗigon jini a tumbinta, ba zan rantse miki wacce ce ba, domin duka biyun suna barin wannan tabon. Sai gwaji. Akan goga ɗan tsinke mai auduga a maƙogwaron kazar da duburarta, a saka a kwalba, a tura cikin ƙanƙara zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, inda ake gwajin PCR mai gano ainihin ƙwayar cutar.

Kada ki ɗauka murar tsuntsaye ta manyan gonaki ce kawai. An fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, a 2007 ta kashe wata mata a Legas, a 2008 kuma an gano ta a jikin agwagi a kasuwar tsuntsaye a nan Gombe. Ki garzaya ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma yau ɗin nan, ki killace sauran, ki hana yara shiga akurki. Barkono da maɗaci ba sa kashe ko ɗaya daga cikin cututtukan nan.

Tambaya: Daga Dukku nake, akwai nisa. Yaya zan kawo kazar da ta mutu a duba?

Amsa: Malam, ka yi tambayar da na fi so, don a nan ake yawan yin asara. An sha kawo mini kaza a buhu bayan ta wuni a rana, cikinta ya kumbura, hanji ya narke, babu abin da za a karanta a ciki. Ka zaɓi wadda ba ta daɗe da mutuwa ba, biyu ko uku in da hali. Ka sa hannunka cikin leda ka ɗauke ta, ka ƙulle a leda biyu, ka saka a kula da ƙanƙara a gefe. Sanyi ake so, kada ta daskare, domin daskarewa na lalata naman da za a duba a madubin likita. Kada ka feɗe ta da kanka. Ka zo da bayani kuma: nawa ne kajin, nawa suka mutu, yaushe abin ya fara, ko ka shigo da sabuwar kaza daga kasuwa, ko akwai agwagi da zabi a gidan, da kwalin duk maganin da ka ba su. In mutuwar ta yi yawa lokaci guda, kada ka ɗauko komai, ka kira ma'aikata su zo da kansu.

Tambaya: 'Yan tsakina masu sati huɗu suna kashi da jini. Na juye musu kafso ja-da-yalo a ruwa, babu sauƙi. Daga wani matashi a Bajoga.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya fi kama da koksidiyosis, ciwon hanji da ke yaɗuwa inda shimfiɗar akurki ta jiƙe. Gwajinsa mai sauƙi ne, ɗan kashi kaɗan a madubin likita ya isa a ga ƙwan cutar, kuma maganinsa daban ne, irin su amfuroliyom. Sai dai tsakanin sati uku zuwa shida lokacin gumboro ne ma, wata cutar da ke kama 'yan tsaki, don haka likita ya feɗe ɗaya ya duba 'yar jakar da ke saman dubura ko ta kumbura. Ka daina kafson nan. In ma taifod ɗin kaji ake zargi, kazar da ta riga ta sha magani ba a cika samun ƙwayar cutar a jikinta ba, sai gwajin ya ruɗar da mu.

Tambaya: In na ga kaza ta fara layi, zan iya yanka ta mu ci kafin ta mutu?

Amsa: A'a, Baba, musamman in wasu na mutuwa a gidan. Haɗarin ya fi yawa wajen yanka da figa, kuma yawanci mata da yara ke wannan aikin. Kai ta kasuwa kuma kai wa wani gidan annoba ne. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a wanke hannu da sabulu. Idan gwaji ya nuna fakat ce, bayan ta lafa ka nemi allurar rigakafi ta I-2 da ake ɗigawa a ido, wadda ta fi jure zafin ƙasarmu, a riƙa maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu.