Ɗan kwangila ya bar mini gini a buɗe a Agadas, in sa a kama shi?

Tambaya: Ina da gidan ƙasa a unguwar Dagamanet. Na yi jinga da wani ɗan kwangila ya ƙara mini ɗaki 2 na bulo, ya yi wa tsohon ginin yaɓen siminti, a kan sefa miliyan 6 da rabi, kaya da aiki duka nasa. Mun sa hannu a takardar ƙiyasi. Na ba shi miliyan 4 da rabi. Ana cikin aiki na ce da baki ya ƙara baranda. Yau wata 3 bai taka wurin ba, ya ce sai na ƙara miliyan 1 da jika 200 don siminti ya tashi. Ba a yi rufi ba, yaɓen ya fara bamɓarewa. Ina so in kai shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, in riƙe injin kwaɓa simintinsa, in kawo wani ya ƙarasa, ya maido mini kuɗina duka.

Amsa: Malam, ban ga takardarku ba, ban kuma ji ta bakin ɗan kwangilar ba, don haka abin da zan faɗa ya tsaya a kan abin da ka rubuto. Cikin abubuwa huɗu da ka ƙudurta, babu wanda zan ce ka yi yadda ka tsara shi.

Komisariya tukuna. A mafi yawan lokuta, wanda ya karɓi kuɗin aiki, ya fara, ya tsaya, alkawari ya saɓa, kuma saɓa alkawari magana ce ta kotun farar hula, ba ta gidan kaso ba. Mutumin da ya tayar da ɗaki 2 har linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, da wuya a ce tun farko zamba ya shirya. Maganar na iya canzawa idan kai ka sayi siminti ko rodi ya kwashe ya sayar, ko ka ba shi kuɗi takamaimai don ya sayo maka wani kaya ya cinye. Ba haka ka ce ba. Ana iya kiransa ya sha zama a benci, amma hakan ba ya aza rufi, yakan ma rufe ƙofar sulhu.

Injin kuwa ka bar shi. Ba naka ba ne, ba a kuma ba ka shi jingina ba. Kame dukiyar wanda ake bi bashi aikin wisiye ne, wato ma'aikacin shari'a mai kai takardu da zartar da umarnin kotu, bisa izinin alƙali. In ka sa masa kwaɗo da kanka, ka ba shi bakin cewa kai ka hana shi aiki.

Inda kake da ƙarfi shi ne ƙarin kuɗin. Dokar farar hula da Nijar ke aiki da ita, a sashi na 1793, ta ce wanda ya karɓi gini a kan dunƙulallen farashi bisa tsarin da aka amince, ba ya da ikon neman ƙari da hujjar kaya ko lada sun tashi. Kowa a Agadas ya san siminti daga nesa yake zuwa, daga masana'antar Malbaza ko daga ƙetaren iyaka, ya kuma san halin hanyar Tawa. Ɗan kwangilar da ya yanke farashi bai yi wannan lissafin ba, sakacinsa ne, kuma barin gidan mutane ba rufi don a matsa musu ba hali ne mai kyau ba. Sai dai a duba takardar. In farashin buhu da na mita aka jera, aka bar jimillar a buɗe, ko aka sa sharaɗin sake duba farashi, to ba lallai sashin ya cece ka ba. Haka kuma akan yi gardama ko ya shafi gyaran tsohon gini kamar yadda ya shafi sabo.

Baranda fa? Sashin ya ce ƙarin aiki sai da izini a rubuce da farashin da aka daidaita. A rubuce dai doka na gefenka. Amma kai ka nema, ga ta a tsaye, leburori sun ji. Ba zan so ka tsaya gaban alƙali kana musun ta ba. Ka lissafa ta cikin abin da za ka biya.

Zancen "kuɗina duka" shi ne babban kuskuren. Abin da aka gina yana cikin filinka, yana da daraja. Abin da kake iya nema shi ne bambanci tsakanin abin da ka biya da darajar aikin da aka yi daidai, sai kuɗin gyaran abin da aka ɓata, sai asarar jinkiri in ka iya tabbatar da ita, misali hayar da kake biya da rasit. Kuma ba ka warware kwangila don ka fusata. Sashi na 1184 ya ce kotu ake roƙo ta warware, sashi na 1144 ya ce ana iya ba ka izinin sa wani ya ƙarasa a kan aljihunsa. In ka kore shi haka kawai, zai ɗauko sashi na 1794, ya ce ka soke jinga don ra'ayinka, ka biya shi abin da ya kashe har da ribar da zai samu.

Mafi muni, ranar da sabon magini ya sa cebur a wurin, shaidarka ta tafi. Don haka kafin komai a kira wisiye ya rubuta abin da ya gani da hotuna, a samu injiniya ko ƙwararren ma'aikacin gini ya auna. Ya ƙwanƙwasa yaɓen ya ji inda ke amsa kamar ganga. Ya fasa gefen ginshiƙi ɗaya ya ga rodi nawa ke ciki da kaurinsu, ya kwatanta da takarda. Kankaren ginshiƙi da linta yawanci buhu 7 ne mai kilo 50 a kowace mita kubik. In an yi da 4 ko 5, ƙusa ma tana kankare shi. Ya tambayi ko an shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, don kankaren da aka zuba da tsakar rana a zafin Afrilu ko Mayu aka bar shi, ƙonewa yake yi kafin ya kama. Ya duba mahaɗar sabon bulo da tsohuwar katangar ƙasa, nan tsaga ke fara fitowa tunda ba tare suke zama ba.

Game da yaɓen, ka shirya jin abin da ba za ka so ba. Siminti a kan ƙasa ba ya riƙo sosai in ba a kafa raga ba, kuma ko an kafa, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ta bakin indararo ba ya samun mafita, sai ya ci katangar ta ciki. Ɗan kwangilar zai ce kai ka zaɓa. Za ka ce shi ne masani, ya kamata ya gargaɗe ka. Mai yiwuwa a raba laifin. Garantin shekara 10 na sashi na 1792 da ake yawan ambato, a kan lalacewar da ta taɓa ƙarfin gini yake, kuma ana ƙirga shi ne bayan an karɓi aiki. Naka ba a karɓa ba tukuna.

Ina ɗauka kana da takardar filin da izinin gini daga ma'aikatar magajin gari. In babu, lauyansa zai fara da nan. Da a tsohon gari gidan yake, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da maganar yaɓen siminti ta fi haka nauyi.

Bayan rahoton, wisiye ya kai wa ɗan kwangilar takardar gargaɗi: ya koma aiki cikin kwana 8 ko 15. Daga nan, shawarata a zauna. Mai unguwa ko fadar Sarkin Abzin suna da ikon sasanta irin wannan, a rubuta, kowa ya sa hannu, sannan a nemi kotu ta buga hatimin zartarwa. Shari'a na iya cin damina fiye da ɗaya, ga kuɗin ƙwararre da na lauya, kuma ko ka ci, sai in yana da abin da za a kama. Wanda ya ga ambaliyar ƙoramar Telwa ta 2009 a Agadas ya san abin da ruwa ke yi wa gidan ƙasa, balle wanda aka bari a buɗe.

A sulhun, kada ka ƙara ba da kuɗin gaba. Miliyan 2 da suka rage a raba su: kashi bayan rufi, kashi bayan ƙofofi da yaɓen ciki, a riƙe kamar 5 zuwa 10 cikin ɗari sai an ga ruwan farko. Ka biya baranda a kan farashin da ƙwararren ya yanke, shi kuma ya janye ƙarin siminti. In da gaske hannunsa ya bushe, ka sayi kayan rufin da kanka, a cire daga ragowar, a rubuta. A sa ranar gamawa, da sharaɗin cewa in ta wuce ya yarda wani ya ƙarasa. Ka kuma tambayi ko leburorinsa na bin sa, don sashi na 1798 ya ba su damar biyo ka kai tsaye har iyakar abin da ya rage masa a hannunka, saboda haka kada ka saki kashin ƙarshe sai sun sa hannu cewa an sallame su.