Koyarwa a Ingila da koyarwa a gida: ina bambancin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandaren gwamnati a jihar Katsina, kuma na ji cewa Ingila tana ɗaukar malamai daga Najeriya. Ina da niyyar nema, amma ina so a bayyana mini bambancin da zan tarar tsakanin koyar da yaran can da namu na gida. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Labarin da ka ji yana da tushe, domin a watan Fabrairun 2023 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana, ƙofar neman shaidar ƙwarewa da ake kira QTS, kuma lissafi yana cikin darussan da aka zaɓa. Za a nemi takarda daga hukumar rajistar malamai ta Najeriya, wato TRCN. Sai dai samun shaidar daban, samun aiki daban, domin kai ne za ka nemi makarantar da za ta ɗauke ka.

Lissafin ba zai ba ka wahala ba, don wanda ya shirya ɗalibai ga jarrabawar WAEC da NECO zai iya shirya su ga GCSE, wadda yaran can suke rubutawa suna da shekara 16. Abin da zai girgiza ka shi ne matsayin malami a idon yaro. A nan gida, sunan malam kaɗai ya ishe ka kwarjini: kana shiga aji kowa ya miƙe, yaron da kake yi wa faɗa ya sunkuyar da kai, uba kuma ya kawo ɗansa ya ce ya ba ka amana, in ya ƙi ji ka hora shi. A can, yarinya 'yar shekara 13 za ta dube ka ido cikin ido ta tambaye ka dalilin da ya sa za ta yi aikin da ka ba ta, kuma a tarbiyyarsu wannan ba rashin kunya ba ne.

Bulala kuwa sai ka bar ta a Funtuwa. Dokar 1986 ta haramta dukan ɗalibi a makarantun gwamnatin Ingila, daga baya haramcin ya haɗa da masu zaman kansu, kuma malamin da ya ɗaga hannu yana iya rasa aikinsa har ya tsinci kansa a hannun 'yan sanda. Horon da ya rage shi ne gargaɗi, da tsare yaro bayan an tashi, da fitar da shi daga aji bisa ƙa'idar makaranta, kuma duk matakin da ka ɗauka sai ka rubuta shi. Hatta abubuwan da muke ɗauka kyautatawa ne, kamar aiken ɗalibi ya sayo maka goro, ko ba shi kuɗin mota, ko musayar lambar waya da shi, ko ɗaukarsa a motarka, duk suna iya jawo maka bincike. A ganina wannan tsari yana kare yara ƙwarai, ko da yake yana rage shaƙuwar da muka sani tsakanin malami da almajirinsa.

Ta fuskar kayan aiki, can ta yi mana nisa. Aji yakan tsaya a wajen yara 30, alhali a manyan garuruwanmu ba abin mamaki ba ne a ga sama da ɗari, wasu a zaune a ƙasa. Amma kada ka ɗauka ƙarancin yara hutu ne, domin ana sa ran ka san matsayin kowane ɗaya daga cikinsu, ka duba littafinsa, ka tanadi aiki na daban ga mai buƙata ta musamman da ke zaune a cikin ajin, sannan ka zauna da iyaye ka yi musu bayani da hujja a rubuce. Ga kuma hukumar Ofsted mai zagayen duba makarantu, wadda shugabannin makarantu suke jin tsoro ƙwarai. Malaman can da kansu suna kukan yawan aikin takarda, kuma yana cikin dalilan da suke sa da yawa barin aikin, har ake neman irinku.

Kafin ka cike takardar nema, ka gwada tafiyar da ajinka na yanzu zango guda ba tare da sanda ko tsawa ba, kana rubuta abin da kowane yaro ya yi. Ka kuma saba wa kunnenka da Turancin mutanen can, domin a makonnin farko yaran za su ce ba su gane lafazinka ba, kai ma ba za ka gane nasu ba.