Sun ce in biya dala 400 su yi wa na'urata rajista a duk duniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Funtua, na haɗa wata 'yar na'ura da ke kashe injin ruwa idan tanki ya cika, ta kuma aika saƙon tes zuwa wayar maigida. Da na ɗora bidiyonta a Facebook, sai wani kamfani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, ya ce in biya dala 400 ya yi mini rajistar mallaka ta duk duniya. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Kada ka tura musu ko kwabo, domin babu takardar mallakar ƙirƙira guda ɗaya da ke aiki a duniya baki ɗaya. Kowace ƙasa ko ƙungiyar yanki ke ba da tata, kuma tsarin PCT (yarjejeniyar neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya) na WIPO, hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, ma hanyar shigar da buƙata ce kawai.

Wannan damfara ta daɗe. A 2017 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta maka kamfanin World Patent Marketing, mai karɓar kuɗin masu ƙirƙira da alkawarin yi musu rajista da talla, a kotu, aka rufe shi, a 2018 kuma aka yanke masa hukuncin biyan kusan dala miliyan 26. Tun 1999 dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su bayyana a rubuce mutum nawa cikin abokan hulɗarsu suka sami kuɗin da ya zarce wanda suka biya. Ka yi musu wannan tambayar. A ganina, duk wanda ya yabi na'urar da bai taɓa riƙewa ba, ya kuma nemi kuɗi tun kafin komai, aljihunka yake hange.

A Najeriya ana rajistar ne a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kuma takardar kan yi shekara 20 matuƙar ana biyan kuɗin shekara-shekara. Ka fara zuwa hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira tsara takardu, tana kuma da ofisoshi a jami'o'i da dama.

Abin da ya fi damuna shi ne bidiyon, saboda doka ta sharɗanta cewa ƙirƙirar ta kasance ba a riga an bayyana ta ga jama'a ba. Idan ka nuna cikin akwatin da yadda ka jona wayoyin, ka sauke shi yau, ka gaya wa jami'an ranar da ka ɗora shi, kuma kada ka sake nuna wa wani zanen sai ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri.