Ina so in buɗe ƙaramar masana'antar lemon malt, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai na ɗan tara kuɗi ne kuma na daɗe ina son buɗe wajen yin lemon malt, irin wanda babu giya a ciki, ina gwadawa a gida da tukunya kuma duk wanda ya sha sai ya yaba. Yanzu wani ya yi min tayin tankuna na hannu wai da sauƙi, in saya ne ko in jira?

AMSA: Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa dakata da tankunan nan tukuna, ba guduwa za su yi ba, kuma yabon 'yan'uwa ba ciniki ba ne, wanda ya sha kyauta ai dole ya ce da daɗi. Fara zagayawa wajen masu shaguna ka ji katan nawa za su iya karɓa a sati, a kan nawa, yaushe za su biya ka, wannan lissafin shi zai gaya maka girman tankin da kake buƙata.

Dafawar ba ita ce wahala ba. Tsiron sha'ir ne a niƙa a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 62 zuwa 72 kamar awa ɗaya har sitacin ya koma suga, a tace, a tafasa wata awar. Inda ake kuka shi ne bayan an zuba a kwalba. Abin nan zaƙi ne zalla, kuma shi yis yana nan a iska da jikin tiyo da bakin famfo, in ɗan kaɗan ya samu shiga zai hau cin sugan ya mayar maka da shi giya da iskar gas, sai ka ga murfi ya kumbura ko kwalba ta fashe a shagon mutane, ga asara ga sunanka ya ɓaci, ga abin da ka ce babu a ciki ya samu. Ƙasashe da yawa ba sa yarda a rubuta "babu giya" in ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Saboda haka injin gasa kwalba bayan an rufe ta, dabarar nan da ake jinginawa Louis Pasteur na Faransa, shi ya kamata ya fara cin kuɗinka. Ita giya digiri 60 na 'yan mintuna ya ishe ta, amma malt mai suga sai an ba shi wuta fiye da haka sosai. Ka ajiye kwalaben gwaji a ɗaki mai ɗumi na wasu makonni ka ga ko za su canza, in da hali kai su lab.

Sai ruwa. Kowace lita ɗaya ta lemo tana iya cin lita 4 zuwa 7, yawanci a wanke-wanke yake tafiya, don wallahi rabin sana'ar nan wanki ne da soda da ruwan zafi. To kafin ka biya haya duba ƙasan wajen, akwai gangara? akwai magudana? wutar za ta ɗauki injin sanyaya? Kuma je hukumar abinci ta ƙasarku ka karɓi sharuɗɗansu a rubuce tun ba ka sa bulo ba, rushe gini don a gyara ya fi ciwo. Dusar da za ta rage kuma nemi mai dabbobi da zai riƙa kwashewa kullum, kwana biyu ta fara wari.

Kada jarin ya ƙare a ƙarfe, ware na albashi da haya da kwalabe na aƙalla wata shida. In ka gama duk wannan kana son tankunan har yanzu, tafi da tocila ka leƙa ciki, ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ka shafa wajen walda da yatsa, in ka ji kaushi ko ƙananan ramuka bar masa kayansa, nan datti ke maƙalewa kuma wanki ba ya fitar da shi.